Tsayuwar Isuhu a Ƙofar Masana'anta

Shekara shida ke nan da rasuwar taubashina Isuhu, ɗan kawuna, haifaffen unguwar Tireshbil ta birnin Abijan. Ban yi niyyar ɗaukar alƙalami a kansa ba, don mamaci addu'a yake so, ba surutu ba. Abin da ya tunzura ni wani labari ne da gidan rediyo ya karanta makon jiya, muna zaune ana shan shayi a ƙofar shagona a Ajame. Wai ayyukan masana'antun ƙasar nan sun ɗan ɗaga in aka gwada da watannin baya. Wanda ya fi mu jin Faransanci ya fassara mana, majalisa ta ɗauka da hamdala, wani dattijo ya ce ai da babu gara ba daɗi. Ni kuwa na ajiye kofina ban shanye ba, na shige cikin shago, don da na buɗe baki a lokacin sai na ɓata wa mutane rai. Irin wannan labarin ne ya ci mini ɗan'uwa.

Na zo Abijan daga Katsina a shekarun da koko da kofi ke da daraja, lokacin da ko ɗan dako a tashar Ajame yake tafiya yana kaɗa kafaɗa. Isuhu ne ya zo tarbata, alhali ba mu taɓa ganin juna ba. Ya ce bai sha wahalar gane ni ba, da ya hango wani ya rungume akwati kamar za a ƙwace masa sai ya san ɗan ƙauyensu ne ya iso. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, saboda haka tun a tashar ya raɗa mini suna bawansa, kuma har ya koma ga Allah bai sake kirana da Sani ba sai in muna gaban manya. Ni ma ban raga masa ba. Na ce ban taɓa ganin ubangidan da bai iya Hausa ba, don tasa Hausar karyayyiya ce, an haɗa ta da Faransanci da Julanci kamar dafa-duka. Makarantar Faransa ya yi, ya iya karatu da rubutu sosai, jarida kuwa ba ta wuce shi.

A wata masana'anta yake aiki, tsakanin Tireshbil da bakin tashar jiragen ruwa, inda ake ƙera langa da fanteka da samira, irin kwanukan nan masu fure da mata ke jerawa a ɗaki. Shi bai taɓa ce mata masana'anta ba, sai dai luzin. Aikinsa shi ne sa furen. Ana miƙo masa kwano fari fat, ya ɗora masa wani ɗan ƙarfe mai huje-huje, ya fesa ja, ya sauya ya fesa kore, kafin a kai tanderu a gasa. Yana alfahari da aikin nan har ya so ya yi yawa. In muka je gaisuwa gidan mutane aka kawo mana abinci, kafin ya yi bisimilla sai ya ɗaga kwanon ya duba, ya ce wannan furensa ne, ko kuwa ya taɓe baki ya ce na wani ne da hannunsa ke rawa. Na sha jin kunya a gidan surukai saboda wannan hali nasa.

Ta hanyarsa na shiga sana'ar kwanuka. Ina sara daga masana'antarsu, in kai tashar Ajame a ɗora wa manyan motoci, su nufi Bobo da Yamai da Maraɗi. Duk da haka bai fasa raina kasuwanci ba. Yakan ce mu 'yan kasuwa ba abin da muke yi sai ɗauka daga nan mu ajiye can, su ne masu yi. Ni kuma in ce masa in ba mu ɗauka ba sai ya ci furensa da miya. A wannan zamanin jiniyar masana'antar tana kuka safe da rana da yamma, wasu na fita wasu na shiga, masu sayar da abinci a bakin ƙofa ba su komawa gida da saura.

Daga nan farashin koko ya faɗi, aka shiga abin da kowa a garin nan ke kira konjonktir, wato matsin da ya sa har mai tallan gyaɗa ta koyi kalmar. Ga shi kuma roba ta shigo kasuwa, mai arha, ba ta tsatsa, ko yaro ya yar da ita ba ta ɓarewa. Jiniya ta koma kuka sau ɗaya a yini. Wata safiya aka tara su Isuhu aka ce musu ba a kore su ba, Allah ya kiyaye, hutun dole ne kawai suka shiga har abubuwa su daidaita. Gurbin kowa yana nan, shekarunsa na aiki suna nan. Sharaɗi ɗaya ne tak. Da yake gidajen hayar Tireshbil da Ajame ba a kai musu wasiƙa, a bakin ƙofa za a riƙa kiran suna bayan jiniyar safe. Duk wanda aka kira bai amsa ba, an ɗauka shi ya ajiye aiki da kansa.

Wanda bai zauna garin nan ba ba zai gane muguntar da ke cikin wannan sharaɗin ba. A Abijan da sassafe ake rabon aikin yini. Da asuba ake ɗaukar masu sauke kaya a tashar jiragen ruwa, da asuba motocin doya da ayaba ke isowa kasuwar Guro. Su kuwa a wannan lokacin suna jingine da katangar masana'anta, Mosawa da Julawa da Bawule da 'yan tsirarun Hausawa, kowa idonsa a kan ƙaramar ƙofar ofis. Wata rana magatakarda ya leƙo ya ce yau babu, wata rana ko leƙowar ba ya yi. Sai hantsi ya dubi ludayi su watse, a lokacin duk wani aikin da ɗan Adam zai ci abinci da shi an riga an ba wani. An ɗaure su ba da igiya ba, kuma ba a ba su ko sisi don tsayuwar.

Da zaman ya yi tsawo, matarsa Hadiza ta same ni ta ce in yi wa Allah in yi wa taubashina magana, don shi ba ya jin tata. Na je wurin Alhaji Ɗanlami, wani Bakano mai shigo da kaya daga ƙetare, wanda ya daɗe yana neman amintaccen mutum mai jin Faransanci da zai riƙa zuwa masa tashar jiragen ruwa da safe ya fito masa da kaya. Alhaji ya ce ai ya san mahaifin Isuhu tun suna fataucin goro, in dai ɗan Malam Garba ne to ya zo gobe ma. Na yi ta bin Isuhu da lallashi da gori, na ce masa ga ƙoshi ga kwanan yunwa, na ce zaman jiran gawon shanu yake yi. Daga ƙarshe ya sauko. Ya ce Litinin mai zuwa zai je wurin Alhaji. Hadiza har waina ta aiko mini da ita ta tukuici.

Kafin Litinin ɗin ta zo sai ga shi a shagona da jarida a hannu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Ya shimfiɗa ta a kan kwanukana, ya nuna mini wani zane mai layi da ya gangaro ƙasa, ya gangaro, sannan can a ƙarshe ya ɗan ɗaga kai.

"Bawa, duba nan," in ji shi. "Luzin-luzin sun fara tashi. Sa komanse, aiki ya dawo. In na tafi wurin Alhaji yanzu, gobe a kira sunana, shekaruna duka sun tafi kado, a banza ke nan."

Na ce, "Ubangida, wannan ɗan wutsiyar ne tashin? Ni gangarar nake gani."

Ya naɗe jaridarsa ya ce ɗan kasuwa ba zai gane ba, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ya roƙe ni in ba Alhaji haƙuri ya ƙara masa ɗan lokaci.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina. Ban ce masu lissafin nan ƙarya suka yi ba. Mai yiwuwa a watan an ƙera wani abu fiye da watan da ya gabace shi. Amma mu Hausawa mun san irin wannan magana. In ka je duba marar lafiya ka tambayi jiki, da sauƙi za a ce maka, ko da kuwa ana ɗiga masa ruwa da cokali. Ba wanda yake ɗaukar wannan amsa ya je ya sa ranar biki. Su kuwa masu rediyo da jarida suna faɗin tasu da sauƙin da murya mai kauri, ba su cewa sauƙi daga wane hali, ba su cewa saura nawa a koma inda aka baro. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, kuma wanda ya taka tsani ɗaya daga ƙasanta har yanzu a rijiya yake. Da a ce tun farko an fito an gaya wa su Isuhu cewa masana'antar nan ta mutu, da sun yi kukansu, sun yi mata addu'a, kowa ya kama gabansa. Sai aka riƙa ɗiga musu labari kaɗan-kaɗan, daidai wanda zai hana mutum tafiya. Sa rai ga ci shi ke kawo yunwa.

Sau ɗaya dai aka kira shi, kada in ci haƙƙin kowa. Ya yi 'yan makonni yana shiga, ya dawo da tafiyarsa ta da, har ya fara yi mini gorin cewa bawa ya ga ikon Allah. Ni ma na yi murna, na je na saro sababbin kwanukan da suka fito. Da ya biyo ta shago na miƙa masa fanteka ɗaya, na ce ashe hutu ya gyara masa hannu, wannan furen ya fi na da tsari. Bai yi dariya ba. Ya juya ta, ya sa farce ya ɗaga wata 'yar takarda da ke manne a gindinta. Ya ce kwanukan a jirgi suka zo daga ƙetare da furensu da komai, tanderu ko kunna shi ba a yi ba. Aikin da aka kira su yi shi ne su fito da su daga kwali, su manna musu takardar masana'anta, su mayar cikin wani kwalin. Mutumin da ya shekara goma sha yana sa fure ya koma mai shafa gam.

Da kwalayen suka ƙare aka maido su Isuhu bakin ƙofa. Ba a daɗe ba rediyo ya sake cewa an samu ɗan ƙari a masana'antu. Muna tare aka faɗa. Ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Mu ne wannan. Ni da gam ɗina." Na ɗauka shi ke nan ranar wanka ta zo, zai tashi mu tafi wurin Alhaji. Washegari ya koma ƙofa. Ya ce tunda aka kira sau ɗaya za a sake kira, wataƙila na gaba a kunna tanderu. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har gobe: da idonsa ya ga yadda ake haɗa ƙarin, da hannunsa aka haɗa shi, amma bai iya sakin sa ba.

Alhaji Ɗanlami ya yi iyakar kara. Ya jira har kayansa suka fara kwana a tasha, sannan ya kira ni ya ce, "Malam Sani, ka gaya wa ɗana ban ƙi shi ba, amma kasuwa ba ta jiran mutum." Ya ɗauki wani. A gida kuwa Hadiza ce ta riƙe komai da suyar aloko, wato soyayyiyar ayaba, a bakin titi. Da hakan ya gaza sai ta fara sauke jerenta, kwanukan aurenta da shi kansa ya sa wa fure, ya zaɓar mata launi. Tana aiko mini da su ɗaya bayan ɗaya a naɗe cikin zane, ta ce in sayar a inda ba zai gani ba. Ya gani mana. Mutumin da ke gane furensa a gidan wasu ba zai kasa ganin bango na yin fili a ɗakin matarsa ba. Bai taɓa tayar da zancen ba, ita ma ba ta tayar ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce in ya leƙo Ajame ta yau. Shagona rabinsa roba ne, sauran kuwa kwanukan ƙetare ne da ba a ma damu a manna musu takarda ba. Matasan da aka haifa a Baramakote da Tireshbil sun fi shi Faransanci, sun fi shi rashin Hausa, takardunsu a hannu suna yi wa motoci kiran fasinja a tasha. Zai fara da zagina a kan robar, wannan ba shakka. Amma labarin makon jiya fa? Zan so in gaya muku cewa zai yi tsaki ya kashe rediyon. Ƙarya ce in na faɗi haka, na san taubashina. Zai matso kusa ya ce a ƙara murya.

Damina ce ta kayar da shi. Ƙirjinsa da ma ya sha hayaƙin fenti shekara da shekaru, ga tsayuwa cikin ruwan safe ba laima. Tari ya kama shi, ya kwanta. A makon ne kuma aka sake sanar da wani ɗan ƙarin, jita-jita ta cika ƙofar masana'anta cewa wannan karon babban kira ne, mai masana'antar da kansa zai zo da sunaye. Na je duba shi bayan la'asar, na tarar yana neman tashi, Hadiza na danne shi tana cewa Baban Amina ya ji tsoron Allah. Da ya ga ba zai iya ba sai ya kama hannuna ya ce in je in tsaya masa. In aka kira Isuhu Garba in ɗaga hannu in ce "farezan", wato ga ni, sannan in zo in ɗauke shi ko a goye ne. Ya sa na maimaita kalmar, na faɗe ta yadda bakina ya iya, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Kai bawa, ko amsa kira ba ka iya ba." Wasan ƙarshe ke nan da ya yi mini.

Na je. Ni da na shekara ina zagin ƙofar nan, na rufe shagona na bi bas ɗin farko na jingina da katanga cikin mutanen da na sha kira marasa wayo. Kuma in faɗi gaskiya, duk sanda ƙofar ofis ta motsa sai in fara shirya hannu. Ina can a tsaye wata safiya, ina bitar kalmar a zuci, sai ga maƙwabcinsu ya zo yana haƙi ya ce Isuhu ya cika tun bayan fitowar rana. Wai kafin ya cika ya neme ni, aka ce masa ina ƙofa, ya ce to madalla.

Na juya na gaya wa abokan aikinsa. Suka yi salati, Musulmin cikinsu suka ɗaga hannu aka shafa fatiha, wani dattijo Bajule mai suna Daramani, wanda suka shekara suna fesa fenti kafaɗa da kafaɗa da Isuhu, ya zauna a ƙasa yana hawaye. Na ce musu za a yi jana'iza bayan azahar. A ranar magatakarda ya ce kada kowa ya motsa, mai masana'anta yana hanya. Suka dubi juna, suka dubi ƙofar ofis. Daramani ya ce mini, bai iya haɗa ido da ni ba, "Malam, ka je, muna zuwa."

Ba su zo ba. 'Yan kasuwar Ajame da ya raina ne suka ɗauki makararsa, Alhaji Ɗanlami a sahun gaba. Abokan aikin sai gab da magariba suka iso gida a jere, kai a sunkuye, bayan an tabbatar musu mai masana'anta ba zai zo ba. Na ƙi ba su hannu. Na shekara ina jin haushin mutanen nan, in na hango ɗayansu sai in sauya hanya. Yanzu na bar wannan, don wanda aka tsorata har ya kasa bin gawar abokinsa ba shi ne abin zargi ba. Haushina yana kan waɗanda ke zaune a ofis mai sanyi suna auna ɗan wutsiyar layi, su aiko da shi cikin rediyo kamar albishir, ba su taɓa tambayar wa zai fasa tafiya saboda shi ba.

In aka ce me ya rage na Isuhu, zan ce 'ya'yansa, waɗanda Hadiza ta raina da hayaƙin suya har suka kawo ƙarfi, Allah ya saka mata. Zan ce rahar da ya bar mini, wadda ba ni da abokin yin ta yanzu. Sai kuma abin da ya ba da ransa a kai. Bayan sadakar arba'in na koma masana'antar don in shaida musu ma'aikacinsu ya rasu. Mai gadi ya ce magatakarda ba ya nan, shi ma an ba shi hutun dole, kuma ba a bar kowa a madadinsa ba. Na koma bara, na tarar da ciyawa a bakin ƙofa da mai gadin nan dai. Ya ce ai ba a rufe ba, ana jiran abubuwa su daidaita, kuma ba a cire sunan kowa ba, tunda ba a yi kira ba balle a san wanda bai amsa ba.

Saboda haka duk wanda ya san Isuhu Garba mai fure, ya sa shi a addu'a, Allah ya jiƙansa ya yalwata masa kabari. A wurin masana'antarsa dai har yau hutu yake yi. Bai rasa gurbinsa ba.